Walimar Babbar Sallah a gida: rago biyu, baƙi tamanin

Rana ta uku muke walimar dangi ta Babbar Sallah a gidanmu da ke cikin birnin Kano, wato 12 ga Zulhijja, daga bayan Azahar zuwa La'asar sakaliya. Ranar Sallah kanta ba ta yiwuwa. Maza suna idi da yanka da fiɗa, mata suna kan kayan ciki har dare, tsakar gida duk jini da ruwa. Washegari kuwa ranar suya ce, kowace mace tana gaban kaskonta, kuma a shekarun da ake hawa, da yamma yara da samari sun tafi kallon Hawan Daushe, hanyoyin da ke kusa da Ƙofar Kudu ba sa biyuwa. Hawan Nasarawa na rana ta uku da safe ake yinsa. Kafin Azahar gari ya lafa, nama ya soyu, mutane sun fara gajiya da gurgurar nama zalla, ransu yana son abinci mai miya.

Da littafi nake farawa, tun Zulƙida bai ƙare ba. Ina rubuta gidaje ɗaya bayan ɗaya, da yawan manya da yaran kowane gida. Namu yakan tsaya a manya 50, yara 30. Sai na ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, na yi girkin mutum 100, domin babu mai zuwa shi kaɗai. Wannan ta taho da 'yar riƙonta, wancan ya taho da abokinsa, ga maƙwabta, ga almajiran da ƙamshi zai kira. Kwanukan da za a aika gidan surukai da tsofaffin da ba sa iya fitowa shafinsu daban ne, don su ne ake mantawa sai tukunya ta kai ƙasa. A lokacin ne kuma nake karɓar karo-karon 'yan'uwa. Wanda ya ce zai bayar bayan Sallah ba na sa kuɗinsa a lissafi, kar Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Kayan da ba sa lalacewa mako uku kafin Sallah muke sayensu. Shinkafar dafawa kwano 4, shinkafar tuwo kwano 2 ta waina, kuma kwanon Kano nake nufi, mai ɗaukar kusan kilo biyu da rabi. Man gyaɗa lita 10, manja lita ɗaya da rabi, gyaɗa rabin kwano, zoɓorodo kwano 2, sukari kwano 2 da ɗan ƙari, sai citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, daddawa, gishiri, yis da dunƙulen miya. Mai, sukari da kayan gwangwani a Singa, kayan ƙamshi a Kasuwar Rimi. Itace da gawayi ma tun lokacin, a jibge su inda ruwa ba zai taɓa su ba.

Zancen ruwa ba ƙarami ba ne a 'yan shekarun nan. Sallar Layya ta 2023 ta faɗo ranar 28 ga Yuni, ta 2024 ranar 16 ga Yuni, ta 2025 ranar 6 ga Yuni. Kullum tana ja da baya da kimanin kwana 11, ta baro tsakiyar damina tana shigowa ƙarshen bazara. Zafi, ƙuda da hadarin yamma ke nan, kuma lokaci ne da ɗanyen tumatir yake tsada yana ƙaranci. Don haka nakan haɗa da kauɗar tumatir da busasshen tattasai, na jiƙa su da ruwan zafi, na wanke ƙasar sau uku, sannan na ƙara ɗanyen tattasai, attaruhu da albasa daga 'Yankaba. Kwana biyu kafin Sallah ake kai markaɗe. A jajiberi layin inji ya fi ƙarfin mai uzuri, in ma akwai wuta. In an dawo da shi a tafasa har ruwan ya ƙone ya zama kirtif, a soya shi sama-sama, a bar mai ya rufe kansa. A firiza ya fi kwanciyar hankali. In babu, a riƙa ɗumama shi safe da dare.

Ragon kuwa aikin maza ne, amma mai girki ita ta san irin naman da take so. Wanda ya samu dama ya leƙa kasuwannin mako, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, yakan fi samun zaɓi a kan wanda ya jira na bakin titi. A buɗe bakinsa a duba haƙora. Wanda ya yi famfarar na gaba biyu babu shakka ya haura shekara. A duba ido da kunne da wutsiya, a sa shi ya yi tafiya, saboda mai ido ɗaya, gurgu, ramamme da mai ciwo bayyananne ba sa isar wa layya. Kada girman ciki ya ruɗi mutum, akwai masu ɗura wa dabba gishiri ko kanwa ta sha ruwa ta cika fal. Hannu ake sawa a gadon baya, da ƙirji, da gindin wutsiya. In yatsa ya ci karo da ƙashi tsirara, a wuce. In an kawo shi gida a ci gaba da ba shi abin da ya saba, harawa, ƙowa da dusa. Yara sukan cika masa kwano da gero ko ragowar tuwo don murna, cikinsa ya kumbura ko ya kama zawo ana saura kwana biyu. Daren Sallah a janye abinci a bar masa ruwa kawai, tumbi zai yi sauƙin wanki.

Ragon da ya kai kilo 45 a raye, in an fiɗe an cire kai, ƙafa, fata da kayan ciki, abin da zai rage bai fi kilo 20 ba da ƙashinsa. Biyu ke nan kusan kilo 40. Malamanmu na Malikiyya ba su yanka wani kaso na dole ba, sun dai so a ci, a yi sadaka, a yi kyauta, amma raba shi uku ya fi mini sauƙin lissafi: na rabo, na ajiyar gida, na walima. Kason walima kilo 13 zuwa 14. Kilo ɗaya mai ƙashi yana ba da yanka 15 madaidaita, wato ina da kusan yanka 200, bibbiyu ga kowa. Duk walimar a kan wannan lambar take tsaye.

Mahauci tun mako guda ake kama shi, a yanke ladansa da kuɗi. Ba a biyan sa da nama ko fata, ba a kuma sayar da komai na layya. Ba a yanka sai liman ya yanka nasa. Wajen fiɗa nakan tsaya a kansa saboda abu biyu. Na farko matsarmama: in ta fashe a kan hanta, ɗacin ba ya wankuwa. Na biyu hanji da mafitsara, kar su huje a kan tsoka. In ya ga na matso yakan ce, «Hajiya, ki koma inuwa, aikina ne.» Na ce, «Na sani Malam, hantar nake jira.» Fata a kai ta inda za a bayar a ranar, ko a shafe cikinta da gishiri, in ba haka ba kafin dare ta fara wari.

Kayan ciki ba sa kwana. Tumbi a zazzage shi nesa da inda ake aiki, a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci a kankare baƙin, a murje da gishiri da lemon tsami. Hanji a tatse, a zura ruwa ta ciki har ya fito fari, a kitsa shi. A tafasa a soya a ranar, shi ne abincin dare na ranar Sallah da karin kumallon washegari. Kai da ƙafafu a babbake, a kankare, a wanke, a kyafe su a kan garwashi. Gangar jikin a rataye ta a inuwa mai iska ta kwana ta tsane, a lulluɓe da wankakken gidan sauro wanda bai taɓa shan magani ba. Kada a kuskura a rufe da leda ko a tara ɗanyen nama mai ɗumi a cikin baho. Zafin jikinsa ba zai fita ba, da safe sai a tarar tsakiyar ya yi kore yana tashi. A irin zafin nan nakan sa a tsaga cinya da kafaɗa har ƙashi tun a daren, iska ta shiga.

Suyar rana ta biyu ita ce aikin da ya fi cin hankali. Da asuba ake sara. Nakan ajiye wa mai sara yanka ɗaya a gefen kututture ya zama masa ma'auni, kamar rabin tafin hannun yaro, don in aka bar shi sai ya fara da manya ya ƙare da tsinke. Ina ware abu huɗu. Tsokar cinya da gadon baya ta suya. Haƙarƙari da wuya su ma na suya, amma kaskonsu daban tunda sun fi kitse. Ƙasusuwa masu ɓargo na miyar taushe. Kitse kuma a yayyanka shi ƙanana a narka a wuta kaɗan-kaɗan, a tace.

Ana tafasa naman da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kimba ɗaya ko biyu da aka fasa, gishiri da dunƙule, da ruwa kaɗan ƙwarai, domin naman zai fitar da nasa. Ba a bari ya yi luguf. Da cokali mai yatsu ya shiga da ɗan ƙarfi, a kwashe a baza a kwando ya tsane. Romon kada a zubar da ko ludayi ɗaya, shi ne ran dafa-dukan gobe. A tace shi, a tafasa kafin a kwanta, a sake tafasawa da asuba. Man suya nakan haɗa man gyaɗa lita 4 da narkakken kitse kamar lita ɗaya. Kitse zalla yana daskarewa a kan nama in ya huce, ya kama dasashi. Man ya yi zafi sosai kafin zubin farko, kuma kar a cika kasko. In aka cika, zafin mai ya faɗi, nama ya koma dahuwa yana shan mai. Kumfa ce ma'auni. Muddin tana tashi da ƙara, akwai sauran ruwa a jikin naman. In ta kwanta, ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa, launin ya yi ja mai duhu, a kwashe. Na walima da za a ci gobe nakan cire shi da ɗan taushinsa saboda haƙoran tsofaffi. Na ajiya shi ake bari ya soyu ƙarau.

A nan ake asarar da ta fi kowace ciwo. An gaji, magariba ta yi, sai a juye nama da zafinsa a bokiti a rufe. Tururi ya taru a murfi ya ɗiga, kwana biyu sai fumfuna. A baza shi a faranti ko tabarma mai tsafta, a rufa gidan sauro, sai ya huce sarai. Sannan na ƙirga 200 da hannuna, na zuba a kula, na kai ɗakin da mabuɗinsa yake ɗaure a bakin zanena.

Waina tun daren nan take farawa. A wanke shinkafar tuwo, a ɗebi kamar kashi ɗaya cikin takwas a dafa ta luguf, sauran a jiƙa ta kwana. Da asuba a haɗa jiƙaƙƙiya da dafaffiya da albasa uku a markaɗa, da injin gida ko wurin mai injin da aka yi magana da shi tun jiya. A wanke injin da kyau, ragowar attaruhu ko wake yana ɓata ƙulli. A sa yis cokali huɗu, sukari kamar gwangwani ɗaya, a rufe a wuri mai ɗumi. A zafin nan awa uku zuwa huɗu ya tashi. Wanda ya haɗa ƙulli da yis tun dare zai wayi gari da tsami mai kama maƙogwaro. In hakan ta faru, ruwan kanwa da aka tace ake ɗigawa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. In ya zarce, waina ta yi rawaya ta ɗauki warin kanwa. Gishiri sai za a fara suya. Kaurin ƙulli kamar na koko mai kauri. In ya yi ruwa waina ta sha mai ta ƙi juyuwa, in ya yi tauri cikinta ya cushe.

Ga lissafin da yake kayar da mutane. Kwano 2 yana ba da waina kimanin 250. Tanda mai rami 12 tana cin minti shida zuwa bakwai a zubi ɗaya. Zubi 21 ke nan, kusan awa biyu da rabi babu tashi. In baƙi za su zauna ƙarfe 2, mai tanda ɗaya dole ta fara kafin 11. Ni tanda biyu nake kafawa da mata biyu, a kan gawayi, su fara 11 da rabi. Tandar ƙasa da ta daɗe a ajiye a gasa ta da mai tun jiya, in ba haka ba zubi uku na farko duk kamawa za su yi.

Murhu huɗu nake buƙata a safiyar walima ban da na tanda: biyu na shinkafa, ɗaya na miya, ɗaya na ruwan zafi da farfesun kai na dattawa. Miyar taushe ita ke fara hawa, ƙarfe 8. Ƙasusuwa su dahu da daddawa da albasa, a zuba markaɗe da manja, a jefa kabewa manya biyu da aka fere aka yanka, in ta yi laushi a farfasa ta da ludayi. Sannan niƙaƙƙiyar gyaɗa da aka dama da ruwa. Daga nan sai an tsaya a kanta da wuta kaɗan, don gyaɗa kwanciya take a gindin tukunya, ƙaurinta kuma ba shi da magani. Yakuwa kaɗan, alayyahu da yawa, su ne na ƙarshe, minti goma kafin a sauke.

Dafa-duka ba na zuba fiye da kwano 2 a tukunya ɗaya, komai girmanta. Wanda ya zuba huɗu a guda zai samu ƙasa ta ƙone, tsakiya ta caɓe, sama ba ta dahu ba. A soya albasa da markaɗe a mai lita ɗaya, a zuba romon jiya da ruwa, a ɗanɗana. Ruwan ya ɗan fi yadda ake so gishiri, shinkafa za ta shanye. Sai ya tafasa ake zuba wankakkiyar shinkafa, ruwan ya haura ta da kamar gaɓar yatsa ɗaya. Juyawa sau ɗaya da muciya. Da ruwa ya ja, a zare itacen gaba ɗaya, a rufe bakin da takardar foyil a ɗora murfi, a bar ta ta turara a kan garwashi rabin awa. Ƙarfe 11 nake ɗorawa, ta sauka wajen 1. Da wuri fiye da haka ba dabara ba ce, shinkafar da ta wuce awa huɗu a rufe a kula cikin zafi tana fara yauƙi. In za a yi haɗin kabeji, a yanka a ajiye, kar a sa masa bama sai faranti yana hannu.

Zoɓo tun jiya ake dafa shi da citta, kanumfari da ɓawon abarba, a tace, ya ba da kusan lita 60. Sukari sai da safe, in ya kwana da shi a zafi yakan fara tsami. Kunun aya na daina sa shi a walimar Babbar Sallah. Daɗinsa ba a magana, amma awa biyu babu ƙanƙara ya juya. Ƙanƙara a biya kuɗinta tun kafin Sallah, a ɗauko da hantsi, a jera a durom da ruwan leda jaka 15, a rufe da buhu.

Rumfa biyu da kujeru 40 na maza a ƙofar gida. In za a tare lungu a gaya wa mai unguwa da maƙwabta tun da wuri, a kuma gayyace su. A ƙirga kujerun a gaban mai haya, a nuna masa masu tsagewa. Ƙafafun rumfa a ɗaure su da bulo ko a kafa turaku, domin iskar da ke gaban hadari ita ke kifar da rumfa ta cika abinci da ƙasa, tun ruwan bai sauko ba. Nakan share zaure da falo su zauna a shirye, in gabas ta haɗe a kwashe mutane ciki. Mata a tsakar gida kan tabarmi, tsofaffi a ɗaki kusa da banɗaki, yara a gefe guda ƙarƙashin babbar budurwa mai iya tsawa. Butoci goma da durom ɗin ruwan alwala a bakin ƙofa.

Wajen rabo kwanukan aike ne farko, tun tukunya tana cike. Sai yara, huɗu-huɗu a faranti, don in suka ƙoshi gida ya yi shiru. Sai dattawa da waina huɗu-huɗu da miya da farfesu, sai sauran maza, sai mata, sannan a ware na masu girki a rufe kafin a yi ƙari ga kowa. Nama mutum ɗaya ke sa shi, kuma wadda ba a iya yi wa musu. Gwaggo nake zaunarwa a bakin kular. In yarinya ta zo ta ce, «Gwaggo, wai a ƙaro nama wajen su Yaya,» sai ta ce, «Je ki ce Yayan ya zo da kansa.» Ba ya zuwa. Yanka 20 na ƙarshe a ɓoye su, akwai masu zuwa bayan La'asar, galibi kuma surukai ne.

Goron Sallah na yara a nemi canjinsa kafin bankuna su tafi hutu. Ba a raba shi sai an gama ci, a bakin ƙofa, a layi, mai fita ya karɓa. In aka raba tun farko, rabinsu sun tafi shago, sauran sun sake shiga layi.

Kafin magariba samari su tattara ledojin ruwa da ƙasusuwa a buhu, a share lungu har ƙofar maƙwabta. Ragowar shinkafa a rabar da ita a daren, ba ta kai safe. Miya a tafasa ta. Kaskon suya a tace mansa a ajiye kakiɗen, yana yin ɗanwake da dafa-dukan wata guda. Kujeru a jera su goma-goma a ƙirga kafin mai haya ya iso. Ni kuma kafin na kwanta nakan buɗe littafin na rubuta abin da ya ragu da abin da ya gaza. Na bara na rubuta: waina ta ƙare ƙarfe 3, shinkafa ta yi saura rabin kula, ƙanƙara ta narke kafin La'asar. Bana shinkafar tuwo kwano 3 zan jiƙa, ta dafawa ta koma uku da rabi.